Idan Ma'ajiyar Kwamfuta Ta Lalace: Yadda Ake Ceto Bayanan Cikinta

A unguwar Bagama da ke Suleja a Jihar Neja, kamar sauran garuruwan da ke kewaye da Abuja, akwai ɗalibai da masu shagunan buga takardu da masu ɗaukar hoton biki waɗanda aikinsu na shekaru yake cikin kwamfuta ɗaya. Ranar da ma'ajiyarta, wadda masu gyara ke kira had-disk, ta ƙi tashi, sau da yawa bayanan suna nan daram a ciki. Abin da mai ita ya yi bayan nan shi ne yakan hallaka su.

Tun da kamfanin IBM ya fito da irinta ta farko a 1956, tushen aikinta bai sauya ba. Faya-fayai ne masu maganaɗisu, waɗanda a kwamfutocin yau suke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata allura da ke shawagi a kansu tana karanta bayanai ba tare da ta taɓa su ba. Tazarar da ke tsakaninsu ko kusa ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba.

Matsala mafi sauƙi ita ce wadda ba ta shafi jikin na'urar ba: an goge fayil bisa kuskure, ko an yi fomatin, ko an ɗauke wuta ana tsakiyar adana aiki. Gogewa ba ta share bayanan nan take, tana dai nuna wa kwamfuta cewa gurbinsu ya zama fili. Saboda haka kada a sake adana komai a ciki, ko da manhajar ceton ce kanta. Manhajoji na kyauta irin su TestDisk da PhotoRec suna iya dawo da abubuwa da dama.

Wani lokaci kuma wutar da ta dawo da ƙarfi, ko ta janareto, ita ce ke ƙona allon lantarkin da ke bayan ma'ajiyar. Ana iya sauya shi da irinsa, amma sai an ɗauko ƙaramin guntun da ke riƙe da saitin tsohon an liƙa a sabon, domin kowace ma'ajiya da nata saitin.

Inda haɗarin yake shi ne idan aka ji tana ƙas-ƙas ko ƙarar gurza, musamman bayan ta faɗi ƙasa. Alama ce allurar ta samu matsala, kuma mai yiwuwa tana kankare faifan. Duk kunnawar da aka ƙara, ɓarna ce ake ƙarawa, kuma inda aka kankare babu gwanin da zai dawo da shi. A kashe ta kawai. Kada a saka ta a firiji kamar yadda wasu ke ba da shawara, domin raɓa za ta taru a ciki. Kada kuma a yarda a buɗe ta a kan teburin shago, balle a lokacin ƙurar hunturu. Sauya allura aiki ne na ɗakin da ake tace iskarsa, da kayan wata ma'ajiya iri ɗaya.

Mazauna Suleja sukan nufi Banex Plaza a Wuse, Abuja, wasu har Computer Village a Ikeja, Legas. Ko ina aka je, tambayar farko ita ce: za a fara kwafe ma'ajiyar gaba ɗaya zuwa wata lafiyayya kafin a taɓa komai? Ƙwararru haka suke yi, da manhaja irin ddrescue, sannan su yi aiki a kan kwafin. Wanda ya ce bari ya fara fomatin ya gani, a karɓe kayan. Ya kamata a daidaita kan kuɗi, da abin da za a biya idan ba a samu komai ba. Wanda ke riƙe da bayanan jama'a, kamar makaranta ko asibiti, ya tuna Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora masa alhakin tsare su, don haka ya san hannun da zai miƙa wa.

Ma'ajiyar SSD, wadda sababbin kwamfutoci ke zuwa da ita, ba ta da faifai ko allura, kuma ta fi jure faɗuwa. Sai dai takan share abin da aka goge da kanta ba da daɗewa ba, kuma takan mutu ba tare da wata ƙarar gargaɗi ba, abin da ya sa ceton bayananta ya fi wuya.