Yadda Hukuma Ta Shiga Tsakanin Magini da Mitar Lantarki

Tun zamanin da mutane suka fara cunkusuwa a birane, gida na jingine da gida, masu mulki ba su taɓa sakar wa magini mara ya yi yadda ya ga dama ba, domin kuwa Hammurabi, Sarkin Babila, ya yanke hukuncin kisa a kan maginin da gininsa ya rushe ya halaka mai gida, kuma bayan gobarar da ta cinye birnin Landan a 1666 majalisar Ingila ta wajabta gini da jan bulo ko dutse a maimakon katako. A wajen malamanmu na Malikiyya ma babin ba baƙo ba ne, gama Ibnur Rami, wani maginin Tunis na ƙarni na 14 wanda alƙalai kan aika ya dubo musu gine-ginen da ake husuma a kansu, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, daga hayaƙin da ke damun maƙwabci har zuwa tagar da ke leƙa tsakar gidansa. Amma duk waɗannan dokoki, na gabas da na yamma, cutar da ido ke gani suke tsarewa, wato gobara da rushewa da keta sirrin jama'a. In ban da 'yan ƙasashen arewacin Turai masu tsananin sanyi, waɗanda suka ɗan taɓa batun tare ɗumi a bango, ba a saba jin hukuma ta tsayar da mai gini ta tambaye shi yawan wutar da gininsa zai ci ba, sai da shekarun 1970 suka zo da abin da suka zo da shi.

Kafin mu kai can, wajibi ne mu ga yadda ofis ya zama mai haɗama. Ofisoshin manyan biranen Amurka na farkon ƙarni na 20 dogon rufi gare su, da tagogi masu buɗuwa, kuma akan yi su sirara domin kowane akawu ya sami rabonsa na hasken rana da iska, ba don tausayi ba, sai don babu wata dabara da ta wuce wannan. Sa'an nan a 1902 Willis Carrier ya haɗa wa wata maɗaba'a a Brooklyn na'urar da ke sarrafa laimar iska, don kada takarda ta riƙa kumbura tana ɓata launin bugu. A 1928 aka buɗe benen Milam mai hawa 21 a San Antoniyo, ofisoshinsa duka da sanyin inji. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, da hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya da benen Lever House na 1952 suka tsaya a Niyok sanye da gilashi daga sama har ƙasa, sai duk wani attajiri mai son a san da zamansa ya ce shi ma irin wannan yake so. Taga ta daina buɗuwa. Gini ya yi kauri har tsakiyarsa ba ta san safiya ba ta san maraice ba, sai fitila.

Wanda bai ga yadda ake sanyaya irin waɗannan benaye ba zai yi zaton ƙari ake yi in an ba shi labari. Injiniyoyin lokacin, saboda arahar mai da iskar gas, sukan sanyaya dukan iskar da za ta shiga bene zuwa sanyin da ɗaki mafi zafi yake bukata, sa'an nan a bakin kowane ɗaki su sa wata 'yar na'ura da za ta sake ɗumama iskar gwargwadon yadda mai ɗakin ke so, ta yadda a rana guda, a gini guda, inji ɗaya na sanyayawa wani na bin bayansa yana warwarewa, kuma kowannensu kuɗi yake ci. Fitilu kuma akan jera su birjik a silin, a bar su kunne dare da rana, zafin da suke fitarwa ya zama ƙarin kaya a kan injin sanyi. A shari'ance wannan israfi ne wanda babu tawili a cikinsa, amma a lissafin kasuwa na wancan zamani ba laifi ba ne, tun da gangar ɗanyen mai ba ta wuce dala 3 ba.

Akwai kuma wata illa da ta fi arahar mai zurfi, ita ce asalin hujjar shigowar hukuma. Gidan zama, sau da yawa wanda ya gina shi ne ke kwana a ciki, in ya yi rowar kayan aiki shi zai sha zafinsa. Ginin kasuwanci kuwa, wani ne ke ginawa ya sayar, wani ya saya ya ba da haya, wani can daban ya zauna a ciki yana biyan kuɗin wuta shekara da shekaru, alhali ba a shawarce shi ba ranar da ake zaɓen gilashi ko ake yanke kaurin rufi: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma abin da aka bunne a cikin bango ba ya gyaruwa da sauƙi, gini kuwa yakan yi shekara 50 ko fiye a tsaye.

Ran 6 ga Oktoba, 1973, wanda ya yi daidai da 10 ga Ramadan, yaƙi ya ɓarke tsakanin Masar da Siriya a gefe guda da Isra'ila a ɗaya gefen, kuma kafin watan ya ƙare ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, da Sarki Faisal na Saudiyya a gaba, suka hana sayar wa Amurka da wasu ƙawayenta mai, takunkumin da bai ɗagu ba sai a Maris na 1974, lokacin da ganga ta riga ta kusa dala 12. Jama'a layin gidan mai suka gani, amma masana da suka zauna lissafi sai suka tarar gine-gine ma wata babbar kafa ce da arzikin ƙasa ke zurarewa ta cikinta. Cikin masanan akwai Arthur Rosenfeld, masanin kimiyyar fiziks a Berkeley, almajirin Enrico Fermi, wanda ya ba da labarin wata Jumma'a da dare a Nuwamban 1973 da ya ƙudurta kashe fitilun ofisoshin hawan da yake aiki kafin ya tafi gida, sai ya iske makunnan wasu a ɓoye bayan kabad-kabad da kantocin littattafai, alamar an daɗe ba wanda ya taɓa su. Daga nan ya juya wa fagensa na farko baya, ya ƙarar da sauran rayuwarsa a kan tattalin makamashi, kuma daga ɗakin bincikensu manhajar kwamfuta ta fito wadda ke ƙididdige abin da gini zai ci tun yana kan takarda.

Tun kafin takunkumin ya ɗagu, jami'an dokokin gini na jihohin Amurka sun roƙi hukumar ma'aunai ta ƙasa ta tsara musu ƙa'ida, ita kuma ta fitar da daftari a farkon 1974, aka miƙa shi ga ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin ɗumamawa da sanyayawa, wadda ta tace shi ta buga a 1975 da sunan Ma'auni na 90-75. Wannan takarda ita ce kakar mafi yawan dokokin da ake bi yau a Amurka. Ta ƙayyade yawan zafin da aka yarda ya ratsa bango da rufi da taga, ta sa iyaka ga wutar fitilu, ta nemi inji ya kai wani matsayi na inganci, ta kuma taƙaita wancan al'ada ta sanyayawa a sake ɗumamawa. Jihar Kalifoniya, wadda ta kafa hukumar makamashinta da dokar da Gwamna Ronald Reagan ya sa wa hannu a 1974, ta bi tata hanyar da ƙa'idar da aka sani da Babi na 24 daga 1978. Faransa ta fara a 1974, Jamus ta Yamma a 1977, Japan a 1979.

Ba a yi wannan tafiya ba tuntuɓe ba. Cikin ɗokin rage kashe kuɗi aka toshe gine-gine, har a 1981 ƙa'idar ASHRAE ta shigar da sabuwar iska ta sauka zuwa kimanin lita 2.5 a daƙiƙa ga kowane mutum a inda ba a shan taba, ma'aikata suka shiga kukan ciwon kai da raɗaɗin ido wanda kan lafa da zarar sun fita waje, dole a 1989 aka mayar da ita lita 10 ga ofisoshi. Gwamnatin tarayyar Amurka kuma ta so ta kafa wa kowane irin gini adadin makamashin da ba zai wuce ba a shekara, ta bar wa mai zane zaɓin yadda zai cim ma haka, amma masu gini suka yi caa, a 1981 aka sauke shirin daga wajibi zuwa mustahabbi. Sai dai tunanin bai mutu ba, gama shi ya haifi hanyoyi biyu da mai gini ke bi har yau don ya sami izini. Ta farko ita ce bin ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya, kaza ga rufi, kaza ga gilashi, kaza ga fitila, wadda ta fi sauƙi ga mai ƙaramin shago ko ɗakin ajiya. Ta biyu ita ce a gina benen a cikin kwamfuta sau biyu, ɗaya yadda mai shi ke so, ɗaya yadda ƙa'ida ta tsara, a bi da su sa'o'i 8,760 na shekara da yanayin garin, in na farko bai fi na biyu ci ba an wuce. Ta haka mai son gilashi da yawa yakan fanshi sha'awarsa da inji mafi nagarta. A ganina wannan ta biyu ta fi kusa da adalci, ko da yake ta fi buɗe ƙofar hila ga wanda ya iya wasa da alƙaluma.

A 1992 majalisar Amurka ta wajabta wa jihohi su shaida cewa dokarsu ta gine-ginen kasuwanci ta kai ma'aunin ASHRAE, wanda yanzu ake kira 90.1 ake kuma sabunta shi duk shekara uku, amma ba ta tanadi wani horo na a zo a gani ga jihar da ta ƙi ba, shi ya sa har gobe wasu jihohi ke kan sabon bugu, wasu kan tsoho, wasu kuma sun bar wa ƙananan hukumomi. Nan ne aka gane cewa ƙarfin doka yana hannun muhtasibin da zai hau tsani ya duba ko abin tare zafin da aka zana shi aka shimfiɗa, ya karanta lambar da ke manne a jikin gilashi kafin a ɓare ta. Birnin Niyok ma ya gaji da dogaro da takardar zane, a 2019 ya kafa dokar da ke auna abin da manyan gine-gine ke fitarwa a zahiri, da tarar dala 268 a kan kowane tan na hayaƙin da ya haura iyaka.

Abin mamaki, shekarar da ta koya wa Amurka tattali ita ce ta koya mana facaka. Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, ba ta cikin masu takunkumi, saboda haka kuɗi suka kwararo, aka yi rabon ƙarin albashin Udoji, aka yi odar siminti har jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Ikko a 1975, muka ɗauko benen gilashi daidai lokacin da masu shi suka fara nadama. Jikokin mutanen da suka san tubali da azara da makuba, waɗanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wa masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, waɗanda suka san katanga mai kauri kan riƙe zafin rana sai dare ta sake shi, su ne suka koma rufin kwano ba silin kirki da taga mai faɗi tana duban yamma. Ba na cewa a koma gina banki da laka. Ina cewa hikimar ƙaramar taga da inuwa ba ta tsufa ba. Duk wanda ya zauna a irin wannan ofis a Kano da la'asar ɗin Afrilu, rana na dukan gilashi, janareta na kuka a bayan gini, iyakwandishan na huci ba ya kataɓus, ya san abin da ake nufi.

Sai a 2017 Ma'aikatar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta tarayya, a ƙarƙashin Babatunde Fashola, da taimakon hukumar GIZ ta Jamus, ta ƙaddamar da dokar tattalin makamashi ta gine-gine, kuma ya kamata a yaba wa masu tsara ta da ba su kwafo kundin Amurka mai kauri ba, suka tsaya ga 'yan sharuɗɗan da maginin Abuja ko na Katsina zai iya riƙewa a ka: kada taga ta wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai da abin yi mata inuwa, a shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, kada fitilun ofis su wuce wat 8 a kowane murabba'in mita, na'urar sanyi kuma ta kasance mai inbata. Sai dai tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, don haka takardar Abuja ba ta ɗaure kowa a jiha sai jihar ta karɓe ta ta ɗora wa jami'anta.

Tun Afrilun 2024, da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, ɗan haya ya daina raina wannan magana. Saboda haka, ya mai karatu, in za ka kama ofis ko shago a bene, kafin ka tambayi kuɗin shekara ka tsaya ka ga ina tagogin suke duba, ka sa a ɗaga maka silin ɗaya ka leƙa abin da ke tsakaninsa da kwano, ka kuma nemi wanda ya tashi daga wurin ya gaya maka nawa yake kashewa a dizal kowane wata.