Taron Ibadan na 1950 da Asalin Tsarin Mulkin Najeriya

Masu sukar kundin tsarin mulkin 1999 sukan ce soja ne suka ɗora wa ƙasa shi da Doka ta 24, a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami. Gaskiya ne, amma bincike bai kamata ya tsaya nan ba. Kundin 1999 ɗan na 1979 ne, kuma ginshiƙin dukansu an kafa shi tun zamanin Turawa. Abin da na fahimta ke nan daga littafin Kalu Ezera na 1960 kan tarihin tsarin mulkinmu, da tarihin rayuwar Sardauna da ya fito a 1962.

Bayan an soki tsarin mulkin Gwamna Richards saboda ba a shawarci 'yan ƙasa ba, Gwamna Macpherson ya sa aka tattauna tun daga ƙauye da gunduma har lardi, aka ƙare da babban taro a Ibadan cikin Janairun 1950. A can wakilan Arewa, da Sarkin Zazzau a gaba, suka tsaya kai da fata sai an ba yankinsu rabin kujerun majalisar tsakiya. Daga baya suka samu: Arewa 68, Gabas da Yamma 34 kowanne. Ƙudurin Enahoro na neman mulkin kai da rikicin Kano na 1953 suka kai ga tsarin tarayya na 1954.

Hujjata ita ce, duk wannan ciniki tsakanin yankuna aka yi shi. An daddale rabon iko tsakanin Kaduna da Ibadan da Enugu, aka bar batun talaka da mai mulkinsa. A zaɓen 1951 'yan jam'iyyar NEPU sun yi nasara a matakan farko a Kano, amma zaɓen hawa-hawa da wakilan da En'e ta cusa suka tace su kafin matakin ƙarshe. Babin haƙƙin ɗan'adam ma ya shigo ne bisa shawarar hukumar Willink ta 1958, don kwantar da hankalin ƙananan ƙabilu. Matan Arewa kuwa, abin takaici, ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979.

Wannan giɓi ne Yusufu Bala Usman da Segun Osoba suka nuna a rahotonsu na 'yan tsiraru a kwamitin Rotimi Williams na tsara kundin 1979, cikin 1976, inda suka nemi ilimi da lafiya da aikin yi su zama haƙƙin da doka za ta tilasta. Gwamnatin soja ta jingine rahoton. Har yau waɗannan alkawura suna Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotuna tilasta shi.