Idan Allurar Kamfas Ta Juya Kudu

A shekarar 1906 wani masanin fiziks ɗan Faransa, Bernard Brunhes, ya auna wani dutse da aman wuta ya bari a yankin Cantal, ya tarar da abin da ya ɗaure masa kai. Narkakken dutse idan yana hucewa, ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinsa kan bi maganaɗisun duniya na lokacin, su daskare a haka. Na wannan dutsen kuwa kudu suka fuskanta. A 1929 Motonori Matuyama na Japan ya ga irin haka a duwatsun ƙasarsa, ya kuma lura cewa masu fuskantar kudun sun fi tsufa. Gardama kan ko maganaɗisun duniya ne ya taɓa juyawa ba ta lafa ba sai bayan 1963, da Fred Vine da Drummond Matthews suka fassara ratsin maganaɗisu da ke shimfiɗe a ƙasan teku, wani na kallon arewa, na kusa da shi na kallon kudu, kamar zanen saƙi.

Tushen abin yana can ƙasa, wajen kilomita 2,900 daga inda muke takawa, inda narkakken ƙarfe ke juyawa yana haifar da lantarki, lantarkin kuma yana haifar da maganaɗisu. Tunda ruwa ne mai motsi, ba ya zama wuri ɗaya. Wani lokaci ƙarfinsa ya ragu, ƙuryar arewa da ta kudu su yi ta yawo, daga bisani su yi musayar gurbi. Hakan ya faru sau ɗaruruwa, na ƙarshe kimanin shekara 780,000 da suka wuce.

A nan ne masu firgita jama'a ke samun abin faɗa: wai a 'yan miliyoyin shekarun nan juyin kan zo ne duk bayan shekara dubu ɗari biyu zuwa uku, don haka wa'adi ya wuce. Hujjar ba ta da ƙwari, domin juyin ba shi da jadawali. A zamanin da ake kira Kiretashiyos an shafe kusan shekara miliyan 40 ba a yi ko sau ɗaya ba.

Duk da haka, akwai alamun da ba za a kawar da kai daga gare su ba. Tun daga shekarun 1830, da Carl Friedrich Gauss ya samar da hanyar auna ƙarfin maganaɗisun, ya ragu da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ƙuryar arewa ta maganaɗisu, wadda James Clark Ross ya cimma a arewacin Kanada a 1831, ta bar tafiyar kilomita 15 a shekara ta koma fiye da 50, ta miƙe wajen Saiberiya, har sai da aka sabunta taswirar maganaɗisun duniya a farkon 2019 kafin lokacinta. Irin wannan taswira ce kamfas ɗin wayar salula ke dogara da ita, har da wanda matafiyi ke duba alƙibla da shi. Sannan ga wani yanki mai raunin maganaɗisu tsakanin Amurka ta Kudu da kudancin Afirka, inda na'urar hangen nesa ta Hubble da ke sararin samaniya kan dakatar da wasu ayyukanta idan ta ratsa.

Amma rauni ba lallai ya kai ga juyi ba. Kimanin shekara 41,000 da suka wuce, a abin da ake kira Laschamp, maganaɗisun ya yi laushi ƙwarai, ya juya na 'yan ɗaruruwan shekaru, ya dawo yadda yake. Wata shaidar daga Afirka ta fito. Manoman kwarin Limpopo na kimanin shekara dubu da suka wuce kan ƙona bukkoki da rumbuna, daɓen yumɓun da ya gasu ya riƙe hoton maganaɗisun zamaninsu. John Tarduno da abokan aikinsa suka auna shi, suka wallafa a 2015 cewa yankin ya taɓa yin irin wannan rauni a da.

To idan juyin ya zo fa? Dubban shekaru yake ɗauka, kuma garkuwar da maganaɗisun ke yi wa duniya daga burbushin rana ba ta ɓacewa gaba ɗaya. Iskar da ke lulluɓe da duniya ma tana tare yawancin burbushin da ke zuwa daga rana. Ba a sami ƙarewar halittu da ta dace da lokutan juyin ba, kakannin ɗan'adam kuma sun ratsa na ƙarshen. Wani bincike na 2021 ya danganta Laschamp da ɓacewar mutanen dā da ake kira Neyandatal, masana da dama suka ƙi amincewa. Ya kamata kuma a raba wannan da maganar fitowar rana daga yamma, wadda wasu ke haɗa su: juyin maganaɗisu bai taɓa sauya yadda duniya ke jujjuyawa ba.

Inda hatsarin yake na gaske shi ne kayan da ɗan'adam ya ƙera. A watan Maris na 1989, garkuwar tana da ƙarfinta, guguwar rana ta kashe wutar lardin Kwibek na Kanada na awa tara, mutum miliyan shida suka shiga duhu. Idan garkuwar ta yi laushi na ƙarnuka, taurarin ɗan'adam, manyan taransifoma da jiragen da ke bi ta ƙuryar duniya ne za su fara ɗanɗanawa. A kan wannan ya dace a kashe kuɗi da tunani: ƙarfafa layukan wuta, ƙera taurari masu jure burbushin rana, da ci gaba da awo irin wanda taurarin Swarm uku na hukumar sararin samaniyar Turai ke yi tun Nuwamban 2013.