Kuɗinka na nan, amma an canza musu hanya: labarin katin Capital One

Duk mai katin banki cikin aljihu ya fiddo shi ya duba. A sama akwai sunan banki, wannan kowa ya san shi tunda can albashi ke faɗawa. Amma can ƙasa, a kusurwa, akwai wata ƴar alama da ba mu cika kula ta ba: wani Visa ne, wani ƙawanyu biyu na Mastercard, wani kuma GIM. Da yawanmu mun ɗauke ta ado. Sai ranar da mutum ya tsaya gaban gishe a wata ƙasa, ya sa kati, ya buga kod daidai, inji ya tofo mishi abinsa, sa'annan yake gane cewa banki ma'aji ne kawai. Alamar nan ita ce rezo, wato hanyar da kuɗinsa ke bi su iso hannunsa.

Cikin shekarar 2025 miliyoyin mutane a Amurka sun koyi wannan karatu ba tare da sun nema ba. Bankinsu, Capital One, ya riƙa aika musu sabon katin cire kuɗi ta gidan waya. Asusu yana nan yadda yake, ko santi ɗaya bai ɓata ba, amma ƙawanyun Mastercard sun bace, sunan Discover ya maye gurbinsu. Don a gane abin da ya sa banki zai ɗora wa kansa wahalar sake wa wannan ɗimbin jama'a kati, sai mun koma baya da kusan shekara 70.

A watan Satumba na 1958, Bank of America ya aika katuna 60.000 gidajen mutanen garin Fresno, cikin jihar Kalifoniya, ba wanda ya roƙa. Katin bashi ne, sunansa BankAmericard. Da farko asara aka tafka, don masu cin bashi su ƙi biya ba a ƙasa ɗaya suke ba. Daga baya abin ya kama, wasu bankuna suka shigo, a 1976 aka raɗa mishi suna Visa. Bankunan da ba su so su zauna ƙarƙashin inuwar Bank of America sun haɗa tasu ƙungiya tun 1966, ita ce ta zama Mastercard a 1979. Abin lura shi ne, Visa da Mastercard ba su ba kowa kati da kansu, ba su ajiye kuɗin kowa. Aikinsu sada bankin mai saye da bankin mai shago. Dillalai ne, kuma kamar kowane dillali a kasuwar dabbobi, da la'ada ake tafiya.

La'adar nan mai shago ke biyanta duk lokacin da aka saye kaya da kati. Kaso mafi tsoka yana komawa ga bankin da ya ba mai saye katin, rezo ya ɗauki ɗan nasa, kuma shi rezon ne ke yanka farashin. Ku riƙe wannan, a kansa labarin duka ya rataya.

Shi Discover daga wata ƙofa ya shigo. Kamfanin manyan kantuna na Sears ne ya fito da shi a 1985, kuma shi ya haɗa aikin biyu: shi ke ba da kati, shi ke da hanyar. Manyan biyu ba su yi mishi maraba ba. Sun kafa wa bankunansu doka cewa duk wanda ke fitar da Visa ko Mastercard ba shi da izinin fitar da Discover ko American Express. Gwamnatin Amurka ta kai su kotu a 1998, alƙali ya yanke hukunci a 2001 cewa dokar ta saɓa ƙa'idar gasa, aka yi ta ɗaukaka ƙara har 2004, lokacin da kotun ƙoli ta ƙi sauraron batun. A 2008 Visa da Mastercard suka yarda su biya Discover diyyar dala miliyar 2,75. Idan mun ce dala, ta Amurka muke nufi, kada wani ya lissafa da dalarmu ta tamma biyar. Diyya dai an biya, amma shekarun rufe ƙofa ba su dawowa. Kafin Discover ya samu sarari, abokan gasarsa sun riga sun liƙa alamarsu a jikin gishe da ƙofar shago ko'ina a duniya. Ya yi ƙoƙarin cike giɓin, ya sayi rezon cire kuɗi na Pulse a 2005, ya sayi Diners Club International a 2008, amma a waje har yau shi ne ƙaramin.

To me ya ja hankalin Capital One ga ƙaramin? Wata doka ce ta 2010. Bayan rikicin bankuna na 2008, majalisar Amurka ta yi babbar dokar gyaran harkar kuɗi, sanata Dick Durbin na jihar Ilinoy ya cusa wani sashe a ciki da ya taƙaita la'adar katin cire kuɗi. Kafin nan, abin da banki ke samu a kan kowane ciniki yana kai santi 44 a matsakaici. Daga Oktoba 2011 babban bankin ƙasar ya ce bankin da dukiyarsa ta kai dala miliyar 10 ba zai wuce santi 21 ba, sai ɗan ƙari kaɗan bisa girman cinikin. Kusan rabi ke nan aka yanke musu.

Bankuna ba su haɗiye abin cikin shiru ba. Da yawa sun soke ƴan tukuicin da suke ba masu amfani da kati. Bank of America ma ya sanar cewa zai riƙa cire dala 5 kowane wata daga mai sayayya da katinsa, jama'a suka yi mishi ca, cikin ƴan makonni ya janye. Tun a nan aka ga yadda wasan yake: idan aka taɓa la'ada, a aljihun mai asusu ake fara neman cikon.

Sai dai dokar ta bar wata kafa. La'adar da ta taƙaita ita ce wadda rezo ke yanka wa wani banki daban. Inda mai kati da mai hanya gida ɗaya ne, kamar Discover, taƙaitawar ba ta hau kansa ba. Shi ya sa Discover ya iya maida wa masu katinsa kashi 1 cikin 100 na abin da suka saya, har zuwa cinikin dala 3.000 a wata, alhali manyan bankuna sun daina. Capital One babban banki ne, dokar ta kama shi sosai. A ranar 19 ga Fabrairu 2024 ya sanar cewa zai sayi Discover a kan dala miliyar 35 da ɗoriya, hukumomi suka amince a Afrilu 2025, aka kammala cinikin ranar 18 ga Mayu. Bankin bai ɓoye lissafinsa ba, ya faɗa wa masu hannun jari cewa maida katunansa kan hanyar da ta zama tasa zai kawo mishi kimanin dala miliyar 1,2 a shekarar 2027.

Yanzu mu dawo ga mai asusu, wanda ba a tambaye shi ba. Lambar da ke jikin kati ba ta bankinka kaɗai ba ce, farkonta na rezo ne: Visa da 4 take farawa, Mastercard da 5 ko 2, Discover da 6. Ke nan ba yadda za a canza rezo a bar maka tsohuwar lamba. Duk inda mutum ya taɓa ajiye lambar katinsa don a riƙa cire kuɗi kowane wata, walau kuɗin wuta, na salula, inshorar mota ko manhajar da yake aiko wa gida kuɗi da ita, sai ya bi su ya tabbatar sabuwar lamba ta shiga. Wanda ya manta ɗaya, ranar da biyan ya ƙi wucewa zai sani, wata sa'a har da tarar jinkiri daga wanda yake bin sa.

A cikin Amurka kanta, kusan duk shagon da ke karɓar kati yana karɓar Discover, saboda haka wanda ba ya fita ƙasar zai iya cewa wahalar ta kwana biyu ce. Matafiyi ne ya ji a jikinsa. A waje katin yana dogara ne da abokan ƙawance: UnionPay a Sin, JCB a Japan, RuPay a Indiya, Interswitch masu katin Verve a Najeriya tun yarjejeniyar 2013, sai inda ake karɓar Diners Club. Inda babu ɗaya cikinsu, katin roba ce kawai. A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu, don muna da ƴan'uwa da yawa a Greensboro da Niyok. A ce ɗayansu ya sauka Yamai hutu da sabon katin nan shi kaɗai, ya nufi gishe. Alamun da muka saba gani a jikin gishenmu su ne GIM, Visa da Mastercard. Katin da ya yi mishi aiki a zuwansa na baya, wannan karon sai ya tsaya ya karanta jikin inji tukuna.

Mu yi adalci. Capital One ya ce ƙarfafa Discover zai samar wa Visa da Mastercard abokin gasa na gaske, kuma maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya, don dillalai biyu su riƙe kasuwa su kaɗai ba alheri ba ne ga kowa. Amma a ganinmu, miliyar ɗin nan da bankin ke lissafi ba daga sama za ta faɗo ba. Kaso mai yawa daga la'adar masu shago zai fito, mai shago kuma ba ya biyan komai daga aljihunsa, cikin farashin kaya yake sakawa. Har wanda ya biya da tsabar kuɗi, wanda bai taɓa mallakar kati ba, yana ɗauke da ɗan nasa kaso.

Mu a nan namu tsarin daban ne, amma alamar kusurwa aikinta ɗaya. A 2003 babban bankinmu BCEAO da bankunan yankin suka kafa GIM-UEMOA, mai cibiya a Dakar, don katin banki ɗaya ya yi aiki a gishen wani cikin ƙasashe 8 masu amfani da sefa ta yammacin Afirka. Da katin GIM zalla ɗan kasuwar Maraɗi zai ciri kuɗi a Kwatano, Lome ko Abijan. Kano kuwa, duk kusancinta, ba ta cikin ƙasashen nan 8, balle Dubai ko Makka. Can sai katin da ke ɗauke da Visa ko Mastercard, ko wanda aka haɗa alamun biyu a jikinsa. Ranar da bankinka ya kira ka ka zo ka karɓi sabon kati, kafin ka sa hannu a takarda ka ajiye tsohon kusa da sabon ka duba kusurwar. Idan alamar ta canza, ka tambayi ma'aikacin gishe ƙasashen da sabon ke aiki, nawa ake cirewa idan ka yi amfani da injin wani banki, da ranar da za a kashe tsohon.