Damfara ta Wayar Tarho: Yadda Ake Cutar Dattawa da Hanyoyin Kariya

Damfara ita ce karɓe dukiyar mutum ta hanyar yaudara, har ya miƙa ta da hannunsa. A Nijeriya an fi saninta da sunan 419, wanda ya samo asali daga sashe na 419 na kundin dokokin manyan laifuffuka da ake aiki da shi a jihohin Kudu. A Arewa kuwa, dokar Final Kod ce ta yi bayanin laifin zamba a sashe na 320. Dokar Tarayya ta shekarar 2006 a kan damfara ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce 20 ba, ba tare da zaɓin biyan tara ba.

Masu wannan mugunyar sana'a sun fi kai farmaki ga dattawa, ba don ƙarancin wayo ba, sai don sun san abin da dattijo yake jira: kuɗin fansho, ko garatuti, ko kujerar aikin Hajji, ko aiken ɗa da ke nesa. Ga shi kuma da yawa daga cikinsu sai an karanta musu saƙon waya.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce kira da sunan banki. Mai kiran zai gaishe da mutum cikin ladabi, ya ambaci cikakken sunansa, wani lokaci har da ranar haihuwarsa, sannan ya ce za a rufe asusunsa yau idan bai gyara lambarsa ta BVN ba. Wannan lamba mai alƙaluma 11 Babban Bankin Nijeriya ne ya ɓullo da ita a shekarar 2014. Sanin sunan mutum ba shaida ba ce cewa daga banki aka kira, domin ana iya samun irin waɗannan bayanai daga wayar sata ko takardar da aka yar. Abin da ɗan damfarar ke nema a haƙiƙa shi ne lambobin da ke jikin katin cirar kuɗi, da lambar sirri, da kuma lambar nan da banki ke turowa ta saƙo domin tabbatar da ciniki. Da zarar an karanta masa su, sai ya kwashe abin da ke cikin asusun kafin ma a ajiye waya. Babu bankin da ke neman waɗannan lambobi ta waya, kuma gaggawar da mai kira ke sa wa mutum ita kanta alama ce. Abin yi shi ne a kashe wayar, a tafi reshen banki.

'Yan fansho su ma ana kiransu a ce sunansu ya fito cikin waɗanda za a biya bashin ariya, amma sai sun turo wani abu domin a hanzarta fayil. Hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013 domin 'yan fanshon Tarayya na tsohon tsari, ta sha nanata cewa ba ta karɓar ko kwabo a kan tantancewa ko biyan haƙƙi. Haka nan maniyyaci ya biya kuɗin kujera ta Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha ko kamfanin da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ba lasisi, ya kuma karɓi rasit.

Akwai kuma masu alƙawarin riba mai tsoka cikin wata guda, irin su MMM da ya durƙushe a Disambar 2016 da CBEX a Afrilun 2025. Ribar da suke biyan na farko kuɗin na baya ce kawai. Kafin a zuba jari, a bincika ko kamfanin yana da rajista da hukumar SEC.

Idan an riga an faɗa tarko, sa'o'in farko su ne masu muhimmanci. A sanar da banki nan take domin a toshe katin da asusun; bankuna da dama suna da gajeruwar lamba da ake dannawa daga kowace waya domin yin haka, kuma ya kyautu iyali su rubuta wa iyayensu ita tun da wuri. Kada a goge saƙonni ko lambar da aka yi kira da ita, domin su ne hujja. Daga nan a kai rahoto ofishin 'yan sanda ko hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003. Wanda bankinsa bai saurari kokensa ba yana iya ɗaukaka shi zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, ko hukumar FCCPC da ta maye gurbin tsohuwar Majalisar Kare Haƙƙin Masu Saye a 2019.

Babban abin da ke hana kai ƙara shi ne kunya. Sau da yawa dattijo ya gwammace ya haɗiye asarar da a ce yaro ya yi masa wayo, har lokacin da za a iya tsayar da kuɗin ya wuce. Don haka ana kira ga 'ya'ya da jikoki da su guji yi wa iyaye faɗa idan haka ta faru, su raka su banki a ranar.