Asalin Rarrabuwar Ɗarikun Kirista a Ƙasar Katsina

1.0 Gabatarwa

A garuruwan kudancin ƙasar Katsina, irin su Malumfashi da Kafur da Funtuwa, akwai majami'un Katolika da na Angalika da na ECWA. Da Hausa ake wa'azi a yawancinsu, amma kowace da shugabanninta da tsarin ibadarta. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan rarrabuwa, domin a nuna cewa baƙuwa ce, kuma galibin mabiya gadonta suka yi.

2.0 Zuwan 'Yan Mishan

A Turai saɓanin ya tsiro. Martin Luther ya ƙalubalanci Fafaroma a Jamus a 1517, sa'an nan cocin Ingila ya ɓalle daga Rum a 1534. Da Turawan mishan suka doso Arewa, kowa ya taho da aƙidar gidansu. 'Yan SIM sun sauka Ikko a 1893. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller na CMS, wato mishan ɗin Angalika, suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su. Sai a 1905 Miller ya sami zama a birnin Zariya. SUM ta kafa zango a Wase a 1904, Katolika kuwa a Shendam a 1907.

Da yake gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita wa'azi a masarautun Musulmi, ta ƙofar magani SIM ta shigo Katsina, inda ta karɓi kula da kutare a Babbar Ruga a 1937. Limaman Katolika 'yan Dominika daga Amurka sun biyo baya a shekarun 1950. A tsakanin Maguzawa ne duka ɓangarorin suka fi samun mabiya.

3.0 Rabon Yankuna

A taron Lakwaja na 1910, ƙungiyoyin mishan waɗanda ba Katolika ba suka amince kada wata ta shiga gonar wata. A taron Miyango na 1926 an yi shawarar kafa coci guda, amma haƙa ba ta cim ma ruwa ba. Cikin abubuwan da suka bambanta su har da baftisma: Angalika na yi wa jarirai, SIM kuwa sai wanda ya mallaki hankalinsa, ta hanyar nitsarwa a ruwa. Daga ƙarshe majami'un SIM suka zama ECWA a 1954, na SUM da abokanta suka haɗu a TEKAS a 1955, wadda yanzu ake kira TEKAN.

Abin lura a nan shi ne, Bamagujen da ya karɓi Kiristanci bai zauna ya auna hujjojin Luther da na Fafaroma ba. Mishan ɗin da ta riga isa ƙauyensu da ɗakin magani ko makaranta, ita ta zama ɗarikarsa, ta zama ta 'ya'yansa. Da wata ce ta riga, da wata aƙidar jikokinsa ke karewa a yau.

4.0 Rawar da Harshe ya Taka

Abin da aƙida ta raba, Hausa ta riƙa haɗawa. Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda Miller ya yi babban aiki a kansa, shi majami'u dabam-dabam suka karanta, kuma da sunan Allah duka suke kiran Mahalicci, kamar maƙwabtansu Musulmi. Ita kanta kalmar "ɗarika" aro ce daga Larabci, ma'anarta hanya, kuma da ita aka san Ƙadiriyya da Tijjaniyya tun kafin zuwan mishan. Hanya kuwa abin bi ce zuwa wani wuri, ba ita ce masauki ba. Bukatar yin magana da murya ɗaya ta sa aka kafa CAN a 1976 tare da Katolika, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5.0 Kammalawa

A yau ragamar ta koma hannun 'yan ƙasa. Angalika ta kafa dayosis a Katsina a 1990, Katolika a 2023, da Gerald Mamman Musa, Bahaushe, a matsayin bishop na farko. Tambayar da ke gabansu ita ce ko za su ci gaba da tsaron iyakokin da baƙi suka shata. Tarihi ba ya hana mutum riƙe imaninsa da ƙarfi, amma wanda ya san yadda ɗarikarsa ta iso gidansu zai yi jinkirin yanke wa ɗan'uwansa hukunci, ya bar sani ga Allah.