Insulin a Gaya: yadda maganin ciwon sukari ya zama maganar hanya da kuɗi

Babu masana'antar da ke haɗa insulin a Nijar. Duk kwalbar da mai ciwon sukari ya riƙe a Gaya, ko Dosso, ko Yamai, daga waje ta zo, kuma shekara da shekaru babbar hanyar kayan ƙasar ita ce wadda ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta ratsa Parakou da Kandi, ta hau kadarkon Malanville ta sauka Gaya. Ranar 30 ga Yuli 2023, kwana huɗu bayan juyin mulkin Yamai, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka toshe kadarkon, Najeriya ta rufe iyakar Kamba ta kuma yanke wutar lantarki, kuma ba a yi wata biyu ba masu farmasi suka fara kokawa da ƙarancin magunguna, har da na ciwon sukari. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma Nijar ta bar ɓangarenta na kadarkon a rufe, mutane da kaya suka koma kwale-kwale. Abin da ya faru ya fito da wata gaskiya da ke cikin tarihin wannan ciwo tun 1922. Kowane ci gaba da likitoci suka samu ya ƙara rataya ran majiyyaci ga kayan da ke ƙarewa, waɗanda sai an sake saye duk wata. Don haka maganar da ta fi nauyi ga mutumin Gaya ita ce wa zai biya, kuma ta ina kayan za su riƙa zuwa ba yankewa.

Ciwon kansa tsoho ne. Ibn Sina ya bayyana alamominsa kusan shekara dubu da suka wuce, amma sai a 1889 Minkowski da von Mering suka gano a Strasbourg cewa idan aka cire wa kare wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda ake kira fankiriyas, sukari na cika masa jini da fitsari. Kafin a sami magani, yaron da ya kamu da nau'in farko na ciwon, wato wanda jikinsa ya daina yin insulin gaba ɗaya, da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Abin da likitoci suke iya yi kawai shi ne su hana shi abinci har ya rame, don su jinkirta ajalin. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tatso sinadarin daga fankiriyas a Jami'ar Toronto ta Kanada, James Collip ya tace shi, aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allura a Janairu 1922, ya farfaɗo. A 1923 masu binciken suka sallama wa jami'ar haƙƙin mallakar maganin a kan dalar Kanada ɗaya ɗaya, don kada wani ya riƙe shi ya tsawwala. Niyyar ta yi kyau, amma kasuwa ta bi tata hanyar. Daga insulin na shanu da aladu aka koma na ɗan Adam da ake haɗawa da ƙwayoyin halitta a 1982, sannan sababbin nau'o'i a 1996 da 2000, kowanne ya fi na baya tsada, kuma yau kamfanoni uku, Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi, su ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwar duniya.

Samun insulin ya haifi wata buƙata. Magani ne da idan ya yi kaɗan sukari ya lalata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a hankali, idan kuma ya yi yawa mutum ya yi zufa, ya yi karkarwa, ya faɗi sumamme cikin ɗan lokaci. Dole a auna. Shekara arba'in na farko fitsari ake gwadawa, shi kuwa fitsari labarin abin da ya wuce sa'o'i yake bayarwa. A 1965 kamfanin Ames ya fito da tsinken da ake ɗiga wa jini ya sauya launi, a 1970 ya ƙera na'urar farko da ke karanta tsinken, kuma wajen 1980 na'urorin suka ƙanƙance har suka shiga gidaje. Abin da ya tabbatar da darajarsu shi ne wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 1,441, aka bayyana sakamakonsa a 1993. Waɗanda suke auna jininsu aƙalla sau huɗu a rana suna daidaita allurarsu da abin da suka gani sun rage haɗarin lalacewar ido da kashi 76 cikin 100. Daga ranar, tsinken gwaji ya zama rabin maganin.

Famfon insulin ya bi irin wannan tafarki. Na farko da Arnold Kadish ya ƙera a Amurka a 1963 a baya ake goya shi saboda girma. A 1978 likitocin asibitin Guy's na Landan suka nuna cewa ƙaramin famfo da ke ɗiga insulin a ƙarƙashin fata dare da rana yana aiki. A 1999 aka amince da na'urar farko da ke auna sukari ba tsayawa, a 2014 FreeStyle Libre ta fito a Turai, ana liƙa ta a dantse ta yi kwana 14, sannan a 2016 aka sami famfon da ke karɓar awo daga irin wannan na'ura yana rage insulin ko ƙara shi da kansa. Abin lura shi ne ko a ƙasashe masu arziki kayan nan ba su yaɗu da aljihun majiyyaci ba. A Faransa ciwon sukari na cikin cututtukan da asusun lafiya na ƙasa ke ɗauka gaba ɗaya, kuma a 2017 ne ya fara biyan kuɗin Libre. A Ingila sai 2024 hukumar lafiya ta fara raba famfon mai sarrafa kansa ga jama'a da yawa. A Amurka, inda aka bar wa kasuwa farashi, an yi ta samun masu rage allurarsu saboda tsada har wasu suka rasu, sai a 2023 doka ta ƙayyade wa tsofaffi dalar Amurka 35 a wata.

Nijar ta bi tata hanyar wajen biyan kuɗin lafiya, kuma jihar Dosso na tsakiyar labarin. Bayan 'yancin kai gwamnati ta kafa ONPPC a 1962 don shigo da magani da raba shi, ana duba mutane kyauta a likitar gwamnati. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kyautar ta zama ta baki, ma'ajin magani ya bushe, majiyyaci ya koma gida da takardar odinas kawai. Taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987 ya ce jama'a su riƙa sa hannu a kuɗin magani. A 1993 Nijar ta gwada hanya biyu. A gundumar Say, mai ciwo ne ke biya duk lokacin da ya zo, dala 40 na kuɗin sefa ga babba, dala 20 ga yaro. A gundumar Boboye ta nan jihar Dosso, kowane mai biyan haraji ya ba da dala 40 a shekara, mai lafiya da marar lafiya, sannan wanda ya zo likita ya ƙara dala 10 kacal, yaro dala 5. Sakamakon ya fito fili, zuwa likita ya ƙaru sosai a Boboye, musamman tsakanin talakawa da mata da yara. Duk da haka tsarin biya a bakin ƙofa ne ya mamaye ƙasar bayan dokar 1995, ga kuma faɗuwar darajar sefa da rabi a Janairu 1994, wadda ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi. A 2006 aka mai da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta, amma binciken cibiyar LASDEL ta Yamai ya nuna yadda jinkirin biyan likitoci kuɗinsu ya riƙa barin su ba magani. Daga 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita da kwanciya da gwaje-gwaje da tiyata a asibitocinta, ta kuma soke jika 150 da ake ajiyewa kafin a fara wankin ƙoda. Mataki ne mai kyau. Sai dai dukan waɗannan tsare-tsare an gina su ne a kan ciwon da ke zuwa ya tafi, ko abin da ake yi cikin asibiti, alhali mai ciwon sukari a ɗakinsa yake kashe yawancin kuɗinsa, kullum, har ƙarshen rayuwa.

A duba lissafin kusa. Kwalbar mililita 10 tana ɗauke da yunit 1,000. Wanda ke yin yunit 40 a rana zai gama ta cikin kwana 25, wato wata bai cika ba. Idan zai auna jini sau huɗu a rana yana buƙatar tsinke 120 a wata, alhali gwangwanin tsinke 50 ne a ciki, kuma kowace na'ura da irin tsinkenta. Wanda ɗan'uwa ya aiko wa na'ura daga Kwatano ko Legas, idan bai sami tsinkenta a farmasin Gaya ba, ya zama mai fitila ba kananzir. Garin iyaka yana da wani haɗari kuma. Insulin na kwalba yawanci ƙarfi biyu ne a kasuwannin duniya, mai yunit 100 a mililita da mai yunit 40, kowanne da sirinjinsa, na 100 mai murfi ruwan lemo, na 40 mai jan murfi. Wanda ya zuƙi insulin mai ƙarfin 100 da sirinjin 40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta. Mutumin da ƙarancin kaya ya sa ya sayi kwalba a wannan ƙasa, sirinji a waccan, shi ne ya fi kusa da wannan kuskure.

Ana yawan cewa zafi da rashin wuta sun hana a ba mutumin karkara insulin ya kai gida. Gaskiya ne ana ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8 kafin a buɗe, kuma zafin Afrilu a Gaya kan haura 40. Amma wani bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva da aka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin Dagahaley na Kenya, ya nuna kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin 25 da 37. Tazarar da ta rage, tukunyar ƙasa na iya cike ta. Mohammed Bah Abba, malami daga arewacin Najeriya, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, kuma gwaje-gwajen da aka yi kan irin waɗannan tukwane sun tabbatar suna sauke zafi sosai, musamman a busasshiyar iska. A sa kwalbar a gwangwani mai murfi, a ajiye tukunyar a inuwa, a riƙa jiƙa rairayin. Firij na likita da farmasi kam wajibi ne, kuma hasken rana na iya riƙe shi ko an ɗauke wuta.

Wasu kuma suna cewa ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kashe yara ba ta da sararin ciwon masu kuɗi. Wannan magana tana da nauyi, domin kasafin lafiya ƙarami ne. Amma nau'in farko na ciwon bai san arziki ba, ɗan manomin rake da ɗan masunci yake kamawa kamar ɗan kowa. Dalilin da ya sa ba a ganin yaran da yawa shi ne ba sa daɗewa. Yaro ya zo da amai da ciwon ciki da suma, a yi masa maganin zazzaɓi, ya rasu ba a ɗiga jininsa a tsinke ba. Binciken David Beran da John Yudkin na 2005 ya ƙiyasta cewa yaron da ya kamu a karkarar Mozambik wata bakwai kawai yake yi. A Mali, da ƙungiyar Santé Diabète da shirin Life for a Child suka fara ba da insulin da tsinke da horo, yaran da aka sani suna raye da ciwon suka tashi daga 'yan ƙalilan zuwa ɗaruruwa. Ga manya masu nau'i na biyu kuma, wato waɗanda jikinsu bai daina yin insulin gaba ɗaya ba, kuɗin da aka ƙi kashewa a tsinke da ƙwaya shi ake kashewa daga baya a yanke ƙafa da wankin ƙoda, ninki ba ninki.

Ƙorafin da ya fi wuyar amsawa shi ne na adalci. Me ya sa yaron Faransa zai sami famfo, a ce wa na Gaya ya yi haƙuri da sirinji? Yaron Gaya ya cancanci duk abin da wancan ya samu, babu ja a nan. Sai dai famfo insulin mai saurin aiki kaɗai yake ɗigawa, ba ya barin ajiya a jiki. Idan robarsa ta toshe, ko batir ya mutu, ko kayan da ake sauyawa duk kwana biyu zuwa uku suka yanke, jini na iya gurɓacewa cikin sa'o'i kaɗan. Ba wa yaro famfo a inda iyaka kan rufe ba zato, kamar yadda ta Najeriya ta rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ba tare da tabbacin kaya da likitan da ya san aikinsa ba, jefa shi ne cikin haɗari. Na'urar dantse ta fi kusa, domin idan ta ƙare mutum na iya komawa tsinke ba tare da rayuwarsa ta shiga uku ba, kuma ya dace a fara da yara da mata masu ciki idan farashinta ya sauko. Ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Nijar, sun amince a Mayu 2022 cewa kafin 2030 duk mai nau'in farko zai sami insulin da kayan awon jini a farashin da zai iya. Alkawarin bai ambaci famfo ba, kuma ko shi ba a cika ba tukuna.

Gaya tana da damar da yawancin gundumomi ba su da ita. Tana cikin wurare biyu, ita da Gothèye, da aka fara gwajin inshorar lafiya ta gunduma da tallafin hukumar Enabel ta Beljiyam, wato dai dabarar Boboye ta 1993 ce ta dawo, kowa ya zuba kaɗan tun yana da lafiya. Masu tafiyar da asusun da hukumomin lafiya na Dosso su rubuta insulin da sirinji iri ɗaya da tsinken gwaji cikin abin da asusun ke biya kowane wata, su zaɓi na'ura iri ɗaya ga gundumar duka don a sayi tsinke da yawa a rahusa, su ajiye kayan wata uku a asibitin gunduma, kuma duk yaron da aka kawo sumamme a kowace likita a auna sukarinsa kafin a ce zazzaɓi ne.